Tambayi Likitan Dabbobi: Muzurun wa ya ci tantabarun?

Tun da aka ba ni wannan shafi, awaki da kaji ne ke cinye shi, sai kuma ragon layya idan Babbar Sallah ta gabato. Wannan karon sai na tarar saƙonnin kyanwa sun taru har sun isa fitowa guda, na tsamo bakwai daga ciki. Kamar kullum na cire sunaye, na rage tsawon gaisuwa. Wanda ya ga an datse tasa ya yi haƙuri, ta iso, kuma na amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Akwai wani muzuru da ya mai da gidana gidansu, yau shekara biyu ke nan. Ban saye shi ba, ban roƙo shi ba, yara ne suka riƙa zuba masa ragowar abinci har ya zauna. Maƙwabcina yana kiwon tantabaru a saman soro. Ya ce cikin wata guda muzurun ya ci masa guda shida, har da wasu masu tsada da ya sayo. Sau biyu yana yi mini magana. Yanzu ya ce ko in biya shi, ko ya barbaɗa shinkafar ɓera a kan katanga. Ni kuwa na ce masa ba nawa ba ne, zuwa kawai yake yi. Shin doka za ta kama ni? Shi kuma in ya kashe shi fa?
Wani magidanci, Kurna, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Muzurun nan naka ne. Dabbar da ta shekara biyu tana ci a kwanonka, tana kwana a zaurenka, yaranka sun raɗa mata suna (ba ka faɗa ba, amma na san sun raɗa), babu mai unguwar da zai yarda cewa baƙuwa ce. Da wani zai zo yau da buhu ya ce zai ɗauke shi, kai ne farkon wanda zai ce "ina za ka kai mana muzuru?" Wannan magana ta "zuwa kawai yake yi" na ji ta ba adadi a asibiti, kuma kusan kullum tana fitowa ne daidai lokacin da aka faɗi kuɗin magani.

To, sai batun biya. Na zauna da wani abokina lauya a kan wasiƙarka, ya yi dariya ya ce ai rigimarku ta girme ku duka. A shekarar 1926 an yi shari'a irinta sak a Ingila, tsakanin wani Buckle da wani Holmes. Kyanwar Holmes ta shiga gidan maƙwabci ta kashe tantabaru goma sha uku da 'yan kaji biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce mai kyanwa ba zai biya ba, domin yawo ɗabi'ar kyanwa ce, ba kamar saniya ba da ake iya ɗaure ta a turke, kuma ba a nuna cewa ya san tasa ta fi sauran kyanwoyi ɓarna ba. Lauyoyinmu har yau suna kafa hujja da irin waɗannan tsofaffin hukunce-hukunce na Ingila. Kada ka yi saurin murna dai. Kalmar da hukuncin ya rataya a kanta ita ce sani. Kai kuwa da hannunka ka rubuta mini cewa sau biyu ana yi maka magana.

In kuma gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci aka je, can ma sanin ne. Malaman fiƙihu da dama sun yi magana a kan kyanwa ƙarara: wadda aka san ta da cin tsuntsayen mutane ko buɗe tukwanensu, mai ita yana da lamunin abin da ta ɓata, dare ko rana. Wadda ba a san ta da hakan ba, karon farko babu komai a kansa. Saboda haka tantabarun farko kana da bakin magana. Waɗanda aka ci bayan an faɗa maka, ni dai in ni ne, zan nemi a yi sulhu in biya wani abu.

Maganar guba kuwa, ka isar masa da saƙona cikin ladabi: kada ya fara. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa tun 1960 ta ware babi guda a kan zaluntar dabbobi. Sashe na 207 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya azabtar da dabbar gida da gangan. Jihohin da suka sabunta kundinsu sun sauya lambobin sassa, laifin dai yana nan. Ban da wannan, kashe dabbar wani da guba laifin ɓarnata dukiya ne mai zaman kansa. A Kudu, sashe na 495 na Kiriminal Kod ne ke magana, wata shida ko tarar naira hamsin. Naira hamsin! Ko tsinken tsire ba ta saye yanzu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yaushe rabon da a waiwayi dokar. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba kotu ba ce. Shinkafar ɓera ba ta san muzuru ba. Iska ta kaɗo ta tsakar gida, kaza ta tsattsaga, yaro mai rarrafe ya tsinta ya kai baki. Tantabarun nasa ma a kan katangar suke sauka.

Abin yi guda uku ne, kuma duk ba su kai kuɗin lauya ba. Ka kawo muzurun a yi masa fiɗiya, yawonsa zai ragu sosai, ko da yake farauta ba ta fita daga jinin kyanwa. Ka riƙa ba shi abinci mai nama ko kifi da yamma, ka rufe shi a ɗaki ko shago daga magariba zuwa hantsi, domin da duku-duku da kuma faɗuwar rana suka fi farauta. Sannan ku haɗa kuɗi kai da maƙwabcin ku sa wa ɗakin tantabarun ragar waya da ƙofa mai sakata. Ka tuna masa cewa ko an kashe naka, unguwa ba ta rasa wani muzurun, ga kuma shaho a sama. Ku yi maganar a gaban mai unguwa ko limamin masallacinku, domin gobe kada wani ya ce ba haka aka yi ba.

TAMBAYA: Likita, ina da ciki wata huɗu, na fari. Ina da mage tun ina gidanmu, da ita na tare. Surukata ta ce gashin mage yana zubar da ciki, in ma an haihu yana sa wa jariri asma. Ta ce a sa ta a buhu a kai ta kasuwa ko kwata a sake ta, za ta sami abin ci a can. Maigidana ya ce duk abin da Hajiya ta ce shi ke nan. Kwana biyu ba na iya barci.
Wata baiwar Allah, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Hajiya ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, ta dai ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Akwai wata ƙwayar cuta da muke kira tokzofilazma. In mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya taɓa ɗan tayi, ta jawo ɓari ko lahani a ido da ƙwaƙwalwa. Ta kashin mage take fita, ba ta gashi ba. Mage tana zubar da ita ne na ɗan lokaci, mako ɗaya zuwa uku bayan ita ma ta fara kamuwa, galibi daga cin ɓera ko ɗanyen nama. Ƙwayar kuma ba ta iya kama mutum sai kashin ya kwana, daga kwana ɗaya zuwa biyar. Kin ga ke nan kashin da aka kwashe a ranar da aka yi shi haɗarinsa kaɗan ne.

Saboda haka daga yau kin sauka daga aikin kwasar kashi. A samo tsohuwar roba mai faɗi a zuba yashi, a ajiye nesa da madafa, wani ya riƙa zubarwa kullum yana wanke hannu da sabulu. Tunda maigida ya ce abin da Hajiya ta ce shi ke nan, to ga aikin da Likita ya ce, ya karɓa. Kada a ƙara ba magen ɗanyen nama. Ke kuma ki kula da abin da ya fi magen haɗari: naman da bai gasu sosai ba, irin balangun da za ki yanka ki ga ja a ciki, da latas da kabeji da karas da ba a wanke da kyau ba, da taɓa ƙasar lambu ko tarin yashin gini da magunan unguwa suka mai da shi masai. Mata da yawa da suka kamu ba su taɓa riƙe mage ba. Ki kuma gaya wa ma'aikatan awo cewa kina da mage a gida.

Batun asma, gaskiya ne akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da mage, su yi ta atishawa, ido ya yi ja, mai asma kuma tana iya tashi. Wani sinadari ne daga yawunta da fatarta ke jawo hakan. Ke da kika shekara da shekaru da ita lafiya, ba kya cikinsu. In an haihu, kada ta kwana inda jariri yake. Mage tana son wuri mai ɗumi, jariri kuma ba ya iya ture abu daga fuskarsa. Gidan sauro da rufe ƙofa sun wadatar.

Buhu kuwa, a'a. Na sha ganin ƙarshen magunan da ake zubarwa a bakin kwata. Wadda ta tashi a ɗaki ba ta san faɗa da muzuran wurin ba, ba ta san mota ba, ba ta san yaro mai dutse ba. Yawanci ba sa daɗewa. Hajiya ta fi ni sanin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi na kanta ba. Wani zai ce ai mu sakinta za mu yi. Sakin dabbar da ba ta iya neman na kanta ba, a wurin da ba ta sani ba, bai yi nisa da waccan tsarewar ba. In zaman gidan ya gagara, ki mai da ita gidanku wurin Umma har ki yi arba'in. Kada ki yi jayayya da surukarki. Ki ba maigida wannan shafi ya karanta mata da bakinsa, ya fi ki sanin lokacin da take sauraro.

TAMBAYA: Dakta, kyanwata tana mura, hanci na zuba, ba ta cin abinci. Zan iya ba ta rabin farasitamol?
Ɗalibi, Birnin Kebbi.

AMSA: Kada ka ba ta ko ɓalli. Hantar kyanwa ba ta da abin da ke narkar da farasitamol kamar tamu, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta. Farkon fara aikina wata yarinya ta kawo mini tata a cikin kwali, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, tana haki. Rabi ta ba ta da daddare, rabi da safe, don tausayi. Akwai makarinsa in an zo da wuri, ita kuwa ta zo a makare. Har yau ina tuna yadda ta tsaya tana tambayata ko ita ce ta kashe ta.

Tunda an zo wurin, a haɗa da waɗannan: maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu. Fiya-fiya da kananzir da baƙin mai ba maganin ƙuma ba ne. Albasa da tafarnuwa suna fasa mata jini, saboda haka romon miya ba abincinta ba ne. Taka kuwa, ka goge mata hanci da tsumma mai ɗumi, ka ɗumama ɗan kifi don ƙamshin ya kai mata, domin kyanwar da ba ta jin ƙamshi ba ta ci. In ta wuce kwana guda ba ta sa komai a baki ba, ka kai ta asibitin dabbobi.

TAMBAYA: Likita, kyanwar maƙwabtanmu ta ciji ɗana mai shekara shida a hannu, ya je zai ɗauki ɗanta. Ciwon ƙarami ne, ɗigo biyu kawai. Kakarsa ta ce a ƙona gashin kyanwar a shafa. Na tambayi masu ita ko an yi mata allura, suka ce wai kyanwa ma ana yi mata allura? Shin sai mun je asibiti? In mun je, wa zai biya?
Mahaifiya, Gombe.

AMSA: Na riga na ba ki amsa ta waya ranar da saƙon ya shigo, domin wannan ba ya jiran fitowar mujalla. Ina maimaitawa ne don sauran iyaye.

Sunan da muka ba cutar, ciwon haukan kare, shi ke yaudararmu. Gaskiya ne kusan duk mutanen da ke kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwa ma tana ɗauka tana kuma bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutuwar mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, yara kuma suna da kaso mai yawa. Cutar tana iya yin wata biyu ko uku a jiki shiru. Ranar da alamu suka bayyana, tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, kusan babu mai tashi. Kafin wannan rana kuwa allura tana tare ta.

Da zarar an yi cizo ko yakushin da ya fasa fata, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti goma sha biyar cur. A duba agogo, domin minti goma sha biyar ya fi yadda ake zato tsawo. A sa aidin, a tafi asibiti a ranar. Ba toka, ba gashi, ba ɗaure ciwon da tsumma. Ƙanƙantar ciwon kada ta ruɗe ki. Haƙorin kyanwa kamar allura yake, yana kai ƙwayoyin cuta can ciki bakin ya rufe, shi ya sa hannu kan kumbura kafin kwana guda. Likita zai duba batun allurar tetanus da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Kyanwar kuma kada a kashe ta, kada a kore ta. A tsare ta ana ba ta ci da sha ana lura da ita kwana goma. In ta wuce goman garau, hankali ya kwanta, amma ba a jiran kwanakin kafin a fara wa yaro allura. In ta mutu ko ta sauya hali, a sanar da ofishin likitan dabbobi na gwamnati nan take. Wannan cuta tana cikin waɗanda doka ta ce a ba da rahotonsu, ƙarƙashin dokar daƙile cututtukan dabbobi da aka sabunta a 2022, kuma ana iya tura kan dabbar gwaji a cibiyar bincike ta Vom da ke Filato.

Wa zai biya? Ki fara biya, ki ajiye rasit, a yi maganar daga baya. Final Kod ta ɗauki sakaci da dabba har ta zama haɗari ga ran mutane a matsayin laifi, sai dai ke ma kin faɗa cewa yaron ne ya kai hannu ga ɗanta, uwa mai shayarwa kuwa ko kyanwar Lami ce sai ta yi cizo. Ni a ganina adalci shi ne su ɗauki wani kaso, domin da sun yi mata allura suna da kati, da fargabar ba ta kai haka ba. Amsar tambayarsu kuma, e, ana yi wa kyanwa allura. Ta farko tana da wata uku, sannan a riƙa maimaitawa yadda likita ya rubuta a kati. Jihohi da dama suna yin ta kyauta a kusa da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Duk shekara layin karnuka muke gani, mai kyanwa sai ɗaiɗai.

TAMBAYA: Malam Likita, daga mage ɗaya yanzu muna da goma sha ɗaya. Mun ba da kyauta har an daina karɓa. Wani ya ce a yi mata allurar tsarin iyali ta mata. Wani kuma ya ce yi wa dabba aikin hana haihuwa haramun ne.
Wata uwa, Maraɗi.

AMSA: Hajiya, sannu da hidima. Lissafin mussa, kamar yadda kuke ce mata a can, ba ya da wuya. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida. Cikin kwana 63 zuwa 65 ne. Tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo uku zuwa biyar, kuma tana iya sake ɗauka tun 'ya'yan ba su bar nono ba. Muzuru bai san uwa ba, bai san ƙanwa ba. In kin bar goma sha ɗayan nan haka, baɗi war haka sai kin nemi mai ƙirga miki.

Allurar mata kada a yi. Tana tsayar da haihuwar na ɗan lokaci, amma tana jawo ruɓar mahaifa da kumburi ko ƙari a nono, wani lokaci har da ciwon suga. Na buɗe cikin maguna da dama da aka yi wa ita, mahaifa cike da mugunya. Aikin tiyata shi ne mafita: a sa ta barci, a cire ƙwai da mahaifa, a ɗinke, cikin kwana goma ta warke. Na muzuru ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma likitan dabbobi na gaskiya zai yi, da allurar barci. Dandaƙa irin ta bunsuru, ko ɗaure wa muzuru roba, azaba ce tsagwaronta.

Batun halasci na malamai ne, kuma sun yi saɓani. Akwai waɗanda suka ƙi, akwai da dama, musamman na wannan zamani, da suka halatta in akwai maslaha ko kawar da cuta, kuma ba a azabtar da dabbar ba. In za ki tambayi malaminku, ki ba shi labarin cikakke. Ki gaya masa inda 'ya'yan da aka rasa mai karɓa suke ƙarewa: kwali a bakin juji, ido bai buɗe ba. In kuɗi ba su isa a yi wa duka ba, a fara da matan.

TAMBAYA: Likita, ina karatu a Ingila. Na bar kyanwata a Kaduna wurin ƙanwata, kewarta ta dame ni. Zan iya kawo ta? In ba zai yiwu ba zan ɗauki wata a nan. Me doka ta ce?
Ɗaliba, Leicester.

AMSA: 'Yata, zai yiwu, amma sai kin shirya haƙuri da aljihu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Birtaniya ta sassauta wa, saboda ciwon haukan kare da muka yi magana a kansa. Jerin aikin ba a tsallake shi. Da farko a dasa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatar wuya, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, mai lamba goma sha biyar. Bayan nan a yi allurar haukan kare. In an yi allurar kafin na'urar, ba ta ƙirgu ba, sai an sake. A jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jini a tura ɗakin gwajin da suka amince da shi. In sakamako ya yi kyau, a ƙara jiran wata uku daga ranar ɗibar jinin. Sannan takardar lafiya daga likitan gwamnati, da izinin fita daga hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS. Ba za ta zauna a cinyarki a jirgi ba, a matsayin kaya mai rajista take shiga. In aka kuskure ɗaya, suna iya tsare ta har wata huɗu, ke ce kuma mai biyan kuɗin masaukin.

In a can za ki ɗauka, ki san cewa tun 10 ga Yunin 2024 wajibi ne a Ingila kowace kyanwa ta sami na'urar kafin ta cika mako 20, a kuma yi rajistar sunanki da adireshinki. In aka same ta babu, za a ba ki kwana 21 ki gyara, in ba haka ba tara har fam 500. Dokarsu ta walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora miki samar mata da wurin zama da abincin da ya dace da kariya daga ciwo, ana kuma gurfanar da mai sakaci. A can babu "zuwa kawai take yi", na'ura za a ɗora mata sunanki ya fito. Ki duba takardar hayar ɗakinki kafin komai. Ki kuma tambayi kanki: kyanwa tana kai shekara goma sha biyar, bizarki shekara nawa ce?

TAMBAYA: Dakta, ina so in saya wa amaryata kyanwar Fashiya mai dogon gashi, irin waɗanda ake tallatawa a Instagram. Abokina ya ce cinikin kyanwa haramun ne.
Ango, Hotoro, Kano.

AMSA: Ango ka sha ƙamshi, Allah ya sanya alheri. Abokinka yana da madogara: akwai hadisin Jabir a cikin Muslim da ya tsawatar a kan kuɗin kyanwa, wasu malamai sun tsaya a kansa. Mafi yawan malamai kuwa sun halatta cinikin, suka ɗauki hanin a matsayin karhanci ko kuma a kan wadda ba ta da amfani. Ka tambayi wanda kake ɗaukar karatu a wurinsa.

Nawa ɓangaren shi ne wannan. Ka tambayi amaryar tukuna, domin ita za ta wuni da ita. Irin wannan kyanwa sai an taje ta kullum, in ba haka ba gashin ya dunƙule, fata ta yi ciwo a ƙarƙashi. Hancinta a murƙushe yake, numfashi na ba ta wuya, idonta na yawan zubar da ruwa. Ka tuna zafin Kano a Afrilu, ga ba wuta, ga dabba sanye da bargo. Tuwo da madara ba za su riƙe ta ba. Kyanwa maciyar nama ce, rashin wani sinadari da ke cikin naman yana lalata mata zuciya da ido, madarar shanu kuma zawo take sa yawancinsu. Ko abincinsu na leda, ko dafaffen nama da kifi marar ƙaya, kowane wata, har ƙarshen rayuwarta.

In duk ka ji ka gani, kada ka tura kuɗi a kan hoto. Ka je da ƙafarka ka ga uwar da inda take kwana. Kada ka karɓi ɗan da bai kai mako takwas ba. Ka duba bayan kunne da fuska ko akwai wurin da gashi ya zube kamar kwabo, wannan makero ne, kuma yana kama mutum, kada amarya ta fara zaman aure da susa. Ka nemi katin allura mai hatimin likita da lambar rajistarsa. In mai sayarwa ya ce katin yana wurin yayansa da ya yi tafiya, ka sa takalminka.